Rawar Zebekiko ta Girkawa: 'Yancin Taku da Dokar Fage

Tsakure

Zebekiko rawa ce ta mutum ɗaya wadda ta samo tushe daga yammacin Anatoliya, ta kuma bunƙasa a unguwannin talakawa na biranen Girka a ƙarni na 20. Ba ta da tsararren taku, domin mai rawa shi ke ƙirƙiro motsinsa nan take, bisa wani kiɗa mai bugu tara. Wannan maƙala ta bi diddigin asalin rawar da sigarta da al'adun da suka kewaye ta, musamman al'adar nan ta sayen kiɗa da Girkawa ke kira farangeliya. Maƙalar ta nuna cewa dokokin da aka sauke daga ƙafar mai rawa an ɗora su ne a wuyan makaɗa da 'yan kallo, kuma su ne ke tsare masa 'yancin da yake taƙama da shi. Saboda haka duk wani yunƙuri na adana rawar da ya tsaya ga taku kaɗai zai bar mafi girman ɓangarenta a waje.

Fitilun kalmomi: zebekiko, rebetiko, farangeliya, rawar gargajiya, Girka

1.0 Gabatarwa

Galibin raye-rayen gargajiya na Girkawa na taro ne. A raye-raye irin su sirtos da kalamatiyanos, maza da mata kan riƙa hannun juna su yi da'ira wadda ba ta rufe ba, su riƙa tafiya wajen dama da taku iri ɗaya. Wanda ke kan gaba ne kawai ke da damar yin 'yan gwaninta, shi ma ba ya sakin hannun na bayansa. Irin wannan rawa hoton ƙauye ce, domin kowa yana da gurbinsa, kuma ana ganin matsayin mutum daga inda ya tsaya a layi.

Zebekiko ta saɓa wa wannan tsari gaba ɗaya. Mutum ɗaya ne ke fitowa fage, bai riƙe hannun kowa ba, bai kuma bin sawun kowa. Wannan ne ya sa baƙi da yawa ke ɗauka cewa rawa ce ta ganin dama, wadda ba ta da doka ko kaɗan. Sai dai tarihi ya nuna akasin haka, domin kuwa an zubar da jini a fagen wannan rawa a kan karya wata doka tata wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: idan babu doka a taku, to ina dokar take, kuma me take karewa? Amsar tana da amfani ga duk mai nazarin wasannin gargajiya, ko na wace al'umma ne, domin tana nuna haɗarin da ke cikin taƙaita nazari a kan abin da mai wasa ke yi, a manta da abin da jama'ar da ke kewaye da shi suka wajabta wa kansu.

2.0 Asalin Suna da Tushen Rawar

Sunan rawar ya fito ne daga Zebek, wasu ƙungiyoyin mayaƙa masu zaman kansu da suka yi tashe a tsaunukan yammacin Anatoliya, wajejen Aydin da Izmir, tun daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon ƙarni na 20, a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Shugaban kowace ƙungiya shi ne efe, samarin da ke bin sa kuma ana kiran su kizan. Wani lokaci su yi fashi, wani lokaci su tsaya wa talakawa a kan masu karɓar haraji, wani lokaci kuma hukuma ta ɗauke su haya su yi mata yaƙi. A 1829 wani daga cikinsu, Atcali Kel Mehmet, ya jagoranci bore har ya karɓe garin Aydin na ɗan lokaci.

Waɗannan mayaƙa suna da rawarsu, wadda ake kaɗa wa babbar ganga da wani abin busa mai kama da algaita, wato zurna. Mai rawar kan ware hannuwa sama kamar shaho, ya yi taku mai nauyi a hankali, ya riƙa dafa ƙasa da gwiwa. Rawa ce ta nuna jarunta da isa. Har yau tana nan a Turkiyya da sunan zeybek, sai dai a can ta bi wata hanya dabam: an tsara mata taku, ana koyar da ita a makarantu, ana kuma yin ta a ƙungiyance cikin kayan gargajiya. Malamin motsa jiki Selim Sirri Tarcan ma ya tsara wani nau'inta wanda namiji da mace za su iya yi tare a zauren biki.

Akwai wasu marubuta Girkawa da suka yi ƙoƙarin danganta sunan da Girka ta dauri, inda suka raba kalmar gida biyu: sunan gunkin nan Zeyus, da kalmar bekos wadda Herodotus ya ce tana nufin gurasa a harshen Firijiyawa. Wannan fassara ta fi nuna bukatar masu ita ta raba rawar da Turkawa fiye da yadda take nuna tarihin kalmar. Dalilin wannan bukata a bayyane yake: lokacin da sojojin Girka suka sauka Izmir a watan Mayun 1919, 'yan Zebek irin su Yoruk Ali Efe suna cikin waɗanda suka fara ɗaukar makami a kansu. Ke nan rawar da Girkawa suka fi ɗauka a matsayin madubin zuciyarsu tana ɗauke da sunan mutanen da suka yaƙe su.

3.0 Daga Anatoliya zuwa Firiyas

Tun kafin 1922 an san wannan kiɗa a tsibiran da ke daura da gaɓar Anatoliya, kamar Lesbos, da tsibirin Kubrus, da tashoshin jiragen ruwa da gidajen yari na Girka, domin fatake da matuƙa jiragen ruwa ba su daina kai da kawowa ba. Amma abin da ya dasa rawar a tsakiyar rayuwar birni shi ne ƙarshen yaƙin Girka da Turkiyya. A watan Satumban 1922 sojojin Girka suka sha kashi, birnin Izmir, wanda Girkawa ke kira Simirna, ya ƙone. A ranar 30 ga Janairun 1923 aka sa hannu a Lozan kan yarjejeniyar musayar jama'a, wadda ta dogara ga addini ba harshe ba: Kiristocin Otodoks na Anatoliya su koma Girka, Musulmin Girka su koma Turkiyya. Ƙidayar da aka yi a Girka a 1928 ta nuna 'yan gudun hijira sama da miliyan 1.2, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar na ƙasar.

Da yawa daga cikinsu sun yada zango a bukkoki da gidajen kwano a gefen Atina da Tasalonika da tashar jiragen ruwa ta Firiyas, a unguwanni irin su Kokkiniya da Darafetsona. A nan suka haɗu da 'yan dako da mahauta da marasa aikin yi da tsofaffin fursunoni, kuma daga wannan cuɗanya aka samu bunƙasar waƙoƙin da ake kira rebetiko. Babban kayan kiɗansu shi ne buzuki, wani irin molo mai dogon wuya da tsirkiyoyin ƙarfe, sai ƙaninsa baglama, wanda ƙanƙantarsa ta sa ana iya ɓoye shi cikin riga a gidan yari. Fitaccen mawaƙin wannan zamani shi ne Markos Vamvakaris (1905–1972), haifaffen tsibirin Siros, wanda ya yi dako ya kuma yi aiki a mayanka a Firiyas kafin ya shahara. A 1934 shi da Giorgos Batis da Anestis Delias da Stratos Pagioumtzis suka kafa ƙungiyar kiɗa ta mutum huɗu wadda ta fito da buzuki daga ɗakunan shan wiwi, da ake kira teke, zuwa bainar jama'a. Babban kaso na waƙoƙin rebetiko an gina su ne a kan kiɗan zebekiko.

A wannan muhalli ma'anar rawar ta juya. Mayaƙin tsauni yana rawa ne don ya nuna ƙarfinsa. Ɗan birni kuwa, wanda ya rasa gida da gari, kuma ba shi da ta cewa a wurin aiki ko a gaban ɗan sanda, yana rawa ne don ya fitar da abin da ke cin sa. Girkawa suna da kalmomi biyu da suke yawan haɗawa da wannan rawa: kaimos, wato ƙunar zuci da bege, da derti, wato damuwa, kalmar da suka aro daga Turkanci. Mutumin da ya fi dacewa da rawar a idon wannan al'umma shi ne wanda suke kira mangas: namiji mai ƙarancin magana, mai kishin mutuncinsa, wanda ba ya neman rigima amma ba ya haƙura da raini, kuma sau da yawa da wuƙa a ƙugunsa. Fahimtar wannan hali ita ce mabuɗin fahimtar dokokin fagen da za a zo kansu.

4.0 Kiɗa da Sigar Rawa

4.1 Awon kiɗa

Abu ɗaya tilo da ke ɗaure ƙafar mai rawa shi ne awon kiɗa. Kowane zagaye yana da bugu tara, waɗanda aka kasa gida huɗu: biyu, biyu, biyu, sannan uku. Kunnen da ya saba da kiɗa mai bugu huɗu ko takwas zai sa ran zagayen ya ƙare a bugu na takwas, sai ya ji an ƙara ɗaya. Turkawa suna kiran irin wannan awo aksak, wato mai ɗingishi. Da yake kiɗan zebekiko a hankali ake yin sa, wannan ƙarin bugu yakan zama wani ɗan gibi inda mai rawa ke tsayawa cak a kan ƙafa ɗaya, kamar wanda zai faɗi, kafin ya sauke ɗayar a farkon sabon zagaye. Duk tangaɗin da ake gani a rawar daga nan ya samo asali. Akwai kuma nau'o'in da ke sauya tsarin: a aftaliko ana fara da ukun a ƙare da bibbiyun, kamiliyeriko kuwa ya fi sauri.

Kafin kiɗan ya kankama, mai buzuki kan yi sharar fage da ake kira taksimi, wani kiɗa marar awo da yake ƙirƙira nan take. A lokacin ne mai rawa ke miƙewa daga teburinsa, ya tako a hankali zuwa fage, ya tsaya yana jiran bugun farko.

4.2 Motsin jiki

Ko da yake babu taku tsararre, akwai wasu siffofi da ke maimaituwa har suka zama tamkar kalmomin da kowane mai rawa ke gina jimlarsa da su. Yakan ware hannuwa, ya ɗan duƙar da kafaɗa, ya kafa ido a ƙasa. Yakan riƙa kewaya wani wuri guda a tsakiyar fage kamar akwai abin da yake gani a can wanda sauran jama'a ba sa gani. Yakan yi juyi, ya durƙusa farat ɗaya, ya shafi ƙasa da tafin hannu ko ya mari dugadugin takalminsa, sannan ya miƙe. Fili kaɗan ya ishe shi. Tsofaffin ma'abota rawar suna yaba wa wanda ya yi ta a ɗan taƙi, ba wanda ya cika fage da tsalle ba. Wasu kan ƙara da gwaninta, kamar ɗaukar kofin giya daga ƙasa da baki ko ɗaga tebur da haƙora, amma masu ra'ayin mazan jiya suna ganin wannan ado ne, kuma yawansa na rage wa rawar nauyi.

Abin lura shi ne inda idon mai rawa yake. Ba ya kallon 'yan kallo, ba ya murmushi gare su, ba ya neman tafinsu. A bainar jama'a yake, amma yana yi kamar shi kaɗai ne. Al'ummar da ba ta yarda namiji ya yi kuka a fili ba ta ware masa minti uku ko huɗu da zai nuna rauninsa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Irin wannan kaɗaici a tsakiyar taro ba ya samuwa sai da haɗin kan taron, kuma a nan ne dokoki suka shigo.

5.0 Dokokin Fage

5.1 Farangeliya

Kalmar farangeliya tana nufin oda, wato abin da mutum ya yi saƙon a kawo masa. Mai son rawa kan aika wa makaɗa sunan waƙar da yake so, tare da kuɗi, waɗanda makaɗan ke kira hartura. Idan layi ya zo kansa sai a sanar cewa wannan waƙa oda ce. Daga wannan lokaci har kiɗan ya ƙare, fagen nasa ne. Duk wanda ke ciki sai ya fita, kuma babu mai shiga sai wanda shi mai odar ya yi wa izini. Makaɗa ma suna da nasu haƙƙin da za su sauke: su bi layin oda yadda ta zo, kada su yanke waƙa, kada su fifita wanda ya zo daga baya don kuɗinsa sun fi yawa.

Zaɓen waƙar ba abin wasa ba ne. Mutum yakan zaɓi wadda baitocinta suka yi daidai da halin da yake ciki, ko rabuwa da masoyiya, ko mutuwar uwa, ko zaman baƙunci, ko ɗauri. Mutane da yawa suna da waƙa guda wadda aka san su da ita, abokansu na jin an fara ta sun san wa zai tashi. Saboda haka wanda ya kutsa cikin odar wani tamkar ya katse masa magana ne a lokacin da yake faɗin abin da ya fi masa ciwo, ya kuma nuna wa duk mahalarta cewa bai ɗauke shi bakin komai ba. A cikin al'ummar da mutum ba shi da kadarar da ta wuce mutuncinsa, wannan cin fuska ne da ba a bari ya wuce. Masaniyar halayyar al'umma Jane Cowan, a littafinta na 1990 kan rawa a arewacin Girka, ta nuna yadda fagen rawa ke zama wurin da maza ke gwada matsayinsu, kuma sayen kiɗa na cikin manyan hanyoyin yin hakan.

5.2 Aikin 'yan kallo

Abokan mai rawa ba sa zama a kujerunsu. Sukan taso su kewaye shi, kowa ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, suna tafa masa bisa awon kiɗa. Wannan durƙuso yana da aiki uku. Na farko, yana sa mai rawa ya zama shi kaɗai ne a tsaye, ya fi kowa tsawo a wurin. Na biyu, da'irar tana zama shinge tsakaninsa da sauran jama'a. Na uku, tafin yana riƙe masa awo idan ya nutse cikin tunaninsa. Wanda ba abokinsa ba ne, ladabi shi ne ya zauna ya yi shiru. A tsohuwar al'ada har tafin baƙo ana iya ɗaukar sa a matsayin shisshigi. Idan aka kwatanta da sirtos, za a ga cewa da'irar ba ta ɓace ba. Ta durƙusa ne kawai, ta bar mutum ɗaya a tsakiya.

Akwai kuma al'adar fasa faranti a gaban mai rawa don nuna ƙauna da karamci, wadda ta yi ƙamari a gidajen rawa na shekarun 1960, har aka riƙa ƙera farantan farar ƙasa musamman domin fasawa. Gwamnatin soja da ta mulki ƙasar daga 1967 zuwa 1974 ta hana wannan al'ada, daga baya watsa furanni ya maye gurbinta, inda ake sayar wa baƙi furannin a kan tire.

5.3 Abin da ya faru a 1973

Babu abin da ya fito da nauyin farangeliya fili kamar lamarin Nikos Koemtzis. A watan Fabrairun 1973, a wani gidan rawa mai suna Neraida a birnin Atina, ƙaninsa ya yi odar wata waƙa ta Markos Vamvakaris ya fito fage. Wasu mutane suka ƙi barin fagen, rigima ta tashi, Koemtzis ya zaro wuƙa ya kashe mutum uku, biyu daga cikinsu 'yan sanda, ya kuma raunata wasu da dama. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, aka sake shi a 1996 bayan shekara 23 a kurkuku. Ya rasu a 2011.

Jaridun lokacin sun siffanta shi da dabba. Bayan faɗuwar mulkin soja kuwa sai wasu masu fasaha suka sake duban lamarin: Dionysis Savvopoulos ya yi doguwar waƙa a kansa a 1979, Pavlos Tassios kuma ya shirya fim a 1980 wanda ya sa wa sunan al'adar kanta. Sun kalli abin a matsayin karo tsakanin dokar talaka da ikon hukuma, ganin cewa a zamanin danniya aka yi shi kuma 'yan sanda na ciki. Wannan fassara ba ta wanke kisan rai uku ba, kuma al'adar da ke iya kaiwa ga haka tana da nata mugun gefe, domin ta ginu ne a kan tunanin cewa raini sai da jini ake wanke shi. Abin da lamarin ya tabbatar ga mai nazari shi ne cewa dokar fagen ba ƙawa ba ce. Mutanen da suka rayu a cikinta sun ɗauke ta da nauyin da ya kai na dokar ƙasa, ko ya fi.

6.0 Sauye-sauyen Zamani

Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Matakin farko na sauyin ya zo ne da ƙarfin hukuma. Gwamnatin kama-karya ta Ioannis Metaxas, wadda ta hau a 1936, ta kafa tace faya-fayai, ta hana waƙoƙin wiwi da masu salon gabas. Wannan ya buɗe hanya ga mawaƙa irin su Vassilis Tsitsanis (1915–1984), waɗanda suka tsabtace baitoci suka karkata ga soyayya da talauci da baƙin cikin shekarun yaƙi, ba tare da sun saki awon bugu tara ba. A 1949 mawaƙi Manos Hadjidakis ya gabatar da lacca a Atina inda ya kare darajar rebetiko a gaban 'yan boko da suka saba raina shi. Mai zane Yannis Tsarouchis, haifaffen Firiyas, ya yi zane-zane da dama na sojoji da matuƙa jirgin ruwa suna wannan rawa. Duk da haka ƙyamar ba ta gushe nan da nan ba: a 1968 Elias Petropoulos ya wallafa kundin waƙoƙin rebetiko, gwamnatin soja ta ɗaure shi na wasu watanni a kansa.

A shekarun 1950 Manolis Chiotis ya yaɗa buzuki mai jerin tsirkiya huɗu maimakon uku, aka haɗa shi da lantarki, kiɗan ya ƙaura daga ƙananan mashaya zuwa manyan gidajen rawa. Bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Girka ta ƙulla da Jamus ta Yamma a 1960, dubban Girkawa suka tafi ci-rani, waƙoƙin Stelios Kazantzidis kan baƙunci suka ba rawar sabon abin kuka. A 1971 Manos Loizos ya tsara kiɗan zebekiko marar waƙa domin fim ɗin Evdokia na Alexis Damianos, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafiya shahara har yau. Ya kamata a bambanta wannan rawa da sirtaki, wadda baƙi suka fi sani: ita sirtaki an ƙirƙire ta ne a 1964 domin fim ɗin Zorba, kuma a jere ake yin ta, an dafa kafaɗun juna.

Daga nan rawar ta hau har kan manya. An san Firayim Minista Andreas Papandreou da yin ta a bainar jama'a, abin da ya ƙara masa farin jini a wurin talakawa. A 2001 ɗansa George Papandreou, yana ministan harkokin waje, ya yi ta a tsibirin Samos a gaban takwaransa na Turkiyya Ismail Cem, wanda ya tafa masa. Mata ma, waɗanda a da ba a yarda su yi ta ba, sun shiga fagen, kuma a yau ganin mace tana zebekiko a biki ba abin mamaki ba ne, ko da yake akwai dattawan da har yanzu ba su saki jiki da hakan ba. Hujjar matan ba ta da wuyar fahimta: idan rawar ta ƙunar zuci ce, to ƙunar zuci ba ta maza kaɗai ba ce.

7.0 Matsalar Adanawa

A 2017 hukumar UNESCO ta saka rebetiko cikin jerin al'adun duniya da ake gado, daga baya kuma ma'aikatar al'adu ta Girka ta shigar da zebekiko cikin kundin al'adun ƙasa. Wannan girmamawa ta zo da tambaya mai wuya: me ake adanawa? Makarantun rawa suna koyar da zebekiko a matsayin jerin taku da juyi, ana shirya gasa, alƙalai na ba da maki. A manyan gidajen rawa kuwa, da zarar an fara kiɗan sai mutum ashirin ko talatin su cika fage lokaci guda, kowa na nasa, wayoyi na ɗaukar hoto. A hali na farko an sa doka a inda babu ita, wato a ƙafa. A hali na biyu an cire ta daga inda take, wato a fage. Kowanne daga cikinsu ya juya tsarin asali.

Ba za a ce duk sauyin asara ba ne. Raguwar tsananin farangeliya ta rage zubar da jini, shigar mata kuma ta faɗaɗa ma'anar rawar. Haka nan tsohon tsarin bai mutu ba: a ƙananan mashaya da bukukuwan dangi har yanzu ana ganin mutum ya tashi shi kaɗai, abokai sun durƙusa, sauran jama'a sun ja baya ba tare da an ce musu komai ba. Abin da ya rage daga dokar shi ne ladabinta, an zubar da wuƙar.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi rawar zebekiko daga tsaunukan Aydin zuwa unguwannin 'yan gudun hijira na Firiyas, har zuwa manyan gidajen rawa da kundin hukuma. Ta nuna cewa awon bugu tara ne kawai ke ɗaure mai rawa, alhali makaɗa da abokai da baƙi kowa na da abin da aka wajabta masa da abin da aka hana shi. Mai nazarin da ya kafa kyamararsa a kan ƙafafun mai rawa zai koma gida da hotunan da ba za su maimaitu ba, domin gobe mutumin nan ba zai yi irin takun yau ba. Abin da ke maimaituwa, wanda kuma ake gada daga tsara zuwa tsara, yana gefen fage: wa ya biya kuɗin kiɗa, wa ya durƙusa, wa ya ja baya, wa ya yi shiru. A can ya kamata a fara neman al'adar.